Saurin Canjawar Gani a Idon Yara Masu Sa Tabarau



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne idon yara, musamman yaran da likita ya riga ya ba su tabarau, amma kafin shekara ta zagayo sai a ga tabarau ɗin ya daina yi musu aiki. Zan gina maganata a kan ƙasar Garun Malam da maƙwabtanta, watau Kura da Bunkure, domin akwai wani abu game da zaman yaran wannan yanki wanda zai taimake mu gane matsalar da kyau.

Mu ɗauki misalin wani manomi a Kadawa. Malamin aji ya aiko masa cewa ɗansa ɗan shekara 8 ba ya ganin rubutun allo sai ya runtse ido, ko ya taso ya matso gaba. Manomin ya jira har ya kai 'yan kwandunan tumatur kasuwar Kwanar Gafan, ya sami kuɗi, ya ɗauki yaron zuwa Kano. Aka auna idon, aka yanka masa gilashi, yaro ya dawo yana murna, yana cewa, "Baba, ashe haka ganyen bishiya yake daga nesa!" Bayan wata goma sai ga saƙon malami kuma, cewa yaro ya koma runtse ido, ga kuwa tabarau a fuskarsa. A nan ne maƙwabta za su fara ba da shawara. Wani ya ce, "Malam, ai dama an faɗa maka, gilashi cinye ido yake yi." Wani ya ce cin kuɗi ne kawai na masu asibiti. Galibi abin da yake biyo baya shi ne a cire wa yaro tabarau a jefa a akwati, ya koma zama a aji yana kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi.

Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa, a mafi yawan lokuta, tabarau bai yi laifi ba, likita ma bai yi kuskure ba. Idon yaron ne yake girma, kuma akwai abin da za a iya yi don a rage saurin wannan girma.

Yadda ido yake gani

Tun farkon ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Misira, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake tasowa daga abin da ake kallo ya shiga ido. A shekarar 1604 masanin nan na Jamus, Johannes Kepler, ya nuna cewa surar abin da ake kallo tana sauka ne a kan wata shimfiɗa da ke can bayan ƙwayar ido. Wannan shimfiɗa ita ce zan riƙa kira shimfiɗar gani.

Kafin haske ya kai gare ta sai ya ratsa abubuwa biyu masu tanƙwara shi. Na farko shi ne tantanin gaban ido, mai haske garai-garai, wanda ya rufe baƙin ido. Na biyu shi ne madubin cikin ido, wanda yake iya ƙara kauri idan ana kallon abu na kusa, ya saki jiki idan ana hangen nesa. Aikin waɗannan biyu shi ne su tattara haske ya haɗu a ɗigo guda, daidai kan shimfiɗar gani. Idan ya haɗu a kanta, mutum ya gani tar. Idan ya haɗu kafin ya kai gare ta, ko kuwa ya isa bai gama haɗuwa ba, sai a ga abu dishi-dishi.

Saboda haka gani mai kyau yana bukatar daidaito tsakanin ƙarfin tanƙwara haske da kuma tsawon ƙwayar ido daga gaba zuwa baya. Jariri yakan zo duniya da ƙwayar ido mai tsawon kimanin milimita 17. Ta babban mutum takan kai kimanin milimita 24. Mafi yawan wannan girma yana faruwa a shekaru biyu ko uku na farko, sa'an nan ya ci gaba a hankali har yaro ya balaga. A wurin yawancin yara, ido yakan tsaya daidai inda ya kamata. A wurin wasu kuwa, sai ya zarce. To, idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima, hasken abin da ke nesa sai ya haɗu kafin ya kai shimfiɗar gani. Yaro zai karanta littafin da ke hannunsa lafiya lau, amma rubutun allo ya gagare shi. Wannan shi ne likitoci suke kira mayofiya, mu kuwa za mu kira shi gajeren gani.

Dalilin canjawar lamba

Ana auna ƙarfin gilashin tabarau da wani ma'auni da ake kira dayofta, shi ne lambar da kukan gani a takardar likita. Lissafinsa ba wuya. Mai lamba -1.00, idan ba tabarau, ganinsa yana ƙarewa tar a nisan mita 1. Mai -2.00 rabin mita. Mai -4.00 kuwa santimita 25 kacal, watau kimanin taƙi guda daga hancinsa.

Abin lura a nan shi ne, ƙarin milimita 1 tak a tsawon ƙwayar ido yana jawo ƙarin lamba wajen dayofta 2.5 zuwa 3. Ashe ke nan girman da ba wanda zai iya gani da idonsa ya isa ya sa tabarau ya tashi daga aiki. Yaran da gajeren gani ya kama tsakanin shekara 7 zuwa 12 sukan ƙara rabin dayofta zuwa dayofta guda a kowace shekara. Gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin da abin ya fara, gwargwadon saurinsa. Yakan lafa a ƙarshen shekarun samartaka ko farkon shekaru ashirin.

Mu koma ga ɗan manomin Kadawa. Idan an ba shi -1.00 yana ɗan shekara 8, kuma muka ƙaddara yana ƙara 0.75 kowace shekara, to kafin ya cika 14 ya kai -5.50. Ke nan cikin shekaru 6 za a canja masa gilashi sau biyar ko shida. Ba wanda yake mamakin ɗinka wa yaro sabuwar riga kowace Salla, domin kowa yana ganin ƙafa da hannu suna tsawo. Da ana ganin girman ƙwayar ido kamar yadda ake ganin na ƙafa, da ba a zargi tabarau ba.

Sai dai akwai bambanci guda. Tsawon ƙafa ba cuta ba ne, amma tsawon ƙwayar ido idan ya yi yawa yana da hatsari. Yayin da ido yake miƙewa, shimfiɗar gani tana yin sirara kamar fatar ganga da aka ɗaure da ƙarfi. Wanda lambarsa ta kai -5.00 ko -6.00 zuwa sama ya fi sauran mutane fuskantar yagewar shimfiɗar gani, da lalacewar tsakiyarta, da hawan jinin ido, da yanar ido da wuri. Tabarau yana gyara gani, amma ba ya mayar da ƙwayar ido yadda take. Wannan shi ya sa likitoci suka damu da saurin hawan lamba tun yaro yana firamare, alhali illar sai ya kai shekara 40 ko 50 za ta bayyana.

Shin tabarau ne yake ɓata ido?

Wannan zato ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Har cikin masu aikin ido an daɗe ana samun waɗanda suke ba yaro gilashi mai rauni kaɗan, wai don ido ya riƙa motsa jiki kada ya sangarce. An gwada wannan ra'ayi a Malesiya, aka buga sakamakon a shekarar 2002. An raba yara gida biyu, aka ba wasu cikakkiyar lamba, aka rage wa wasu kimanin 0.75, aka bi su shekara biyu. Sai aka tarar waɗanda aka rage wa lamba, idonsu ya fi saurin lalacewa. Rage ƙarfin gilashi bai kare kowa ba.

Me ya sa to yaro yake cewa ganinsa ya fi muni idan ya cire tabarau, fiye da kafin a ba shi? Dalilai biyu ne. Na ɗaya, a cikin watannin da ya yi yana sa tabarau idon bai daina girma ba, kuma da ba a ba shi ba ma haka zai girma. Na biyu, a da bai san yadda gani mai kyau yake ba, yanzu kuwa ya sani, saboda haka yana da abin kwatantawa.

Hana yaro tabarau yana da wata illa kuma. Ƙwaƙwalwa koyon gani take yi, kuma tana gama mafi yawan karatunta kafin shekara 7 ko 8. Idan ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa rauni sosai aka bar shi haka, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da shi ta dogara ga ɗayan. Bayan an wuce waɗannan shekaru, ko an kawo gilashin da ya dace, da wuya idon ya dawo daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hasken rana da zaman ɗaki

Tambayar da ta rage ita ce, me yake sa idon wani yaro ya zarce wajen girma? Gado yana da hannu, domin yaron da iyayensa biyu suke da gajeren gani ya fi saurin kamuwa. Amma gado kaɗai ba ya bayanin abin da ya faru a duniya cikin shekaru 60 da suka wuce.

A shekarar 1969 aka buga wani bincike da aka yi a kan mutanen Inuwit na Alaska, can arewacin Amurka. Cikin manya 131 da suka tashi a rayuwar farauta da kamun kifi, 2 kaɗai ke da gajeren gani. Amma cikin 'ya'yansu da jikokinsu da suka shiga makarantar zamani, fiye da rabi suna da shi. Jini ɗaya ne, zama ne ya canja. A manyan biranen Sin da Koriya ta Kudu da Singafo, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da gajeren gani. A shekarar 2016 wasu masana suka yi hasashen cewa kafin 2050 kimanin rabin mutanen duniya za su kasance da shi.

An daɗe ana ɗora laifin a kan yawan karatu, kuma lalle duƙufa a kan abu na kusa yana da nasa kaso. Amma a shekarar 2008 aka kwatanta yara 'yan asalin Sin, masu shekara 6 zuwa 7, wasu suna zaune a Sidni ta Ostareliya wasu a Singafo. Na Sidni kimanin kashi 3 cikin 100 ne masu gajeren gani, na Singafo kashi 29. Abin mamaki, na Sidni sun fi karanta littattafai. Bambancin shi ne suna yin kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo kuwa awa 3. Daga baya aka yi gwaji a makarantun birnin Gwanju na Sin, aka ƙara wa wasu yara minti 40 na zaman waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara 3, kamar yadda aka buga a 2015, kashi 30 cikin 100 ne suka kamu a cikinsu, sauran kuwa kusan kashi 40. Tsibirin Taiwan ya ɗauki tsarin fitar da yara waje minti 120 kullum tun 2010, kuma yawan masu raunin gani a makarantun firamare, wanda ya daɗe yana hawa, ya fara sauka. A 2020 kuma, da annobar korona ta kulle yara a gida, an ga akasin haka a wani gari na Sin mai suna Feicheng, inda gajeren gani tsakanin 'yan shekara 6 ya kai kashi 21 cikin 100, alhali a shekarun baya bai wuce kashi 6 ba.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, haske mai ƙarfi yana sa shimfiɗar gani ta fitar da wani sinadari da ake kira dofamin, shi kuwa yana tsawatar wa ƙwayar ido kada ta yi ta tsawo. Ana auna haske da ma'aunin laks. Tsakar rana a fili takan kai laks 100,000, inuwar bishiya takan ba da dubbai, amma aji da yawa ba sa kai 500. Ya kamata in faɗi gaskiya a nan, cewa zaman waje ya fi ƙarfi wajen hana gajeren gani farawa ko jinkirta shi. Ga wanda ya riga ya kamu amfaninsa bai kai haka ba. Duk da haka jinkirin shekara biyu ko uku babbar riba ce, tun da mun ga cewa farawa da wuri ne yake kai lamba sama.

Garun Malam tsakanin gona da aji

Wani nazari da aka buga a 2022, wanda ya tattara bincike daga ƙasashen Afirka, ya nuna cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran makaranta a wannan nahiya ne ke da gajeren gani. Wannan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da Asiya, kuma wanda ya san rayuwar yaron karkara ba zai rasa gane dalili ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, noma a wannan yanki ya zama na rani da damina. Yaro yakan wuni a fili. Shi ne mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, shi ne mai tsinkar tumatur, shi ne mai kai abinci gona, kuma duk inda ya ɗaga kai idonsa yana kaiwa nesa. Ko makarantar allo ma galibi a ƙofar gida ake yin ta ko a gindin bishiya, da rubutu manya-manya. Ba da niyya ba, wannan yaro yana samun ninkin abin da gwamnatin Taiwan take fafutukar samar wa nata yaran.

Amma zaman yana canjawa, kuma ya fi canjawa a gidajen irinmu, ma'aikata da malamai da manoman da Allah ya buɗa wa. Yaro ya shiga aji da safe, ya taso ya wuce Islamiyya, ya dawo ya yi aikin gida, da dare ya ɗauki wayar yayarsa ya kafa ido a kai cikin duhu. Idan an kai shi makarantar kwana, ga aji ga zaman bitar dare. Wasu ajujuwan kuma tagoginsu ƙanana ne, ko a rufe su saboda iskar hunturu. Ba ina cewa a mayar da yara gona a bar karatu ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, mutanen Alaska da na Singafo sun bi wannan hanya kafin mu ba tare da sun san abin da za su rasa ba. Mu kuwa mun sani.

Canjin da ba na girma ba ne

Ba kowane saurin canji ne yake zuwa daga tsawon ido ba. Akwai huɗu da ya wajaba a sani.

Na farko, ƙaiƙayin ido mai daɗewa, wanda yake mayar da farin idon yaro ruwan ƙasa. Ya yawaita a ƙasashe masu zafi da ƙura irin tamu, kuma ƙurar hunturu da ta casar shinkafa suna iya tsananta shi. Yaron da yake ta murza ido shekara da shekaru, tantanin gaban idonsa yana iya yin sirara ya tsiro kamar ƙoƙon mazurari. Likitoci suna kiran wannan keratokonas. Alamarsa ita ce lamba ta riƙa canjawa cikin 'yan watanni, ido ɗaya ya fi ɗaya, kuma sabon gilashi ya kasa ba da gani tar.

Na biyu, maganin ɗigawa da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Da yawa daga cikin masu kwantar da ƙaiƙayi nan take suna ɗauke da sinadarin siteroyid. Yin amfani da su wata da watanni yana jawo hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa.

Na uku, ciwon sukari. Idan ganin yaro yana canjawa daga mako zuwa mako, ga yawan ƙishirwa da fitsari da rama, to jininsa za a fara aunawa kafin a yi maganar gilashi.

Na huɗu, kuskuren awo. Madubin cikin idon yaro yana da ƙarfin ɗaurewa, har ya sa injin awo ya nuna lambar da ta fi ta gaskiya. Shi ya sa ake ɗiga wa yaro maganin da zai saki wannan ɗaurewa kafin a auna shi. Gilashin da aka saya a tire a kasuwa, ko aka aro na wa aka ba ƙane, bai bi ta wannan hanya ba.

Har wa yau, duk yaron da aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, ko harara-garke ta same shi kwatsam, ko ya ce wani labule ya rufe masa gefen gani, to a kai shi asibiti a ranar, kada a jira kasuwa ta ci.

Abin da ya kamata a yi

Ga iyaye: yaron da yake sa tabarau a mayar da shi awo aƙalla sau ɗaya a shekara, ko duk wata 6 idan lamba tana gudu. A adana takardun awo duka, domin da su ne likita zai ga saurin tafiyar. Idan sandunan tabarau suna da lafiya, gilashin kaɗai ake canjawa, kuma wannan ya rage kuɗi. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ido na ECWA wanda aka buɗe tun 1943, da Asibitin Ido na Makka, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Yana da kyau a tambayi likita game da hanyoyin rage gudun lamba, kamar ɗigon atrofin mai rauni ƙwarai da aka gwada a Singafo da Hong Kong, da kuma gilasai na musamman da aka ƙera don wannan aiki. Amfanin ɗigon ya bambanta daga gwaji zuwa gwaji, gilasan kuma suna da tsada, saboda haka likita ne zai yanke hukunci.

Ga malamai da jami'an ilmi: allon gwajin ido, wanda Herman Snellen ya ƙirƙiro a Holan a 1862, takarda ce guda da ake mannawa a bango, yaro ya tsaya nisan mita 6 ya karanta. Malami zai iya koyon aiki da shi cikin wuni ɗaya, ya tace yaran ajinsa farkon kowace shekara. A buɗe tagogi. Kada a riƙe yara a aji lokacin tashin tara. Darasin da ba ya bukatar allo a yi shi a gindin darbejiya, domin inuwa ma ta wadatar, ba sai an shiga ƙunar rana ba. A kuma tsawatar wa masu yi wa ɗan tabarau ba'a, don sau da yawa ita ce take sa yaro ya ɓoye shi a aljihu.

Kammalawa

A taƙaice, canjawar lambar tabarau a idon yaro galibi alama ce ta ƙwayar ido mai girma, kuma maganinta shi ne a bi ta da awo da sabon gilashi, a kuma lura da alamomin da muka lissafa. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa samun tabarau ga masu bukata kafin 2030, wannan kuwa aiki ne na gwamnatoci da kuɗi masu yawa. Amma awa biyu a waje kowace rana ba ta bukatar kasafi. Ga ku ɗalibai da za ku zama malamai da jami'ai gobe, idan an tura ɗayanku Garun Malam ko Bunkure, ina roƙon ya duba tagogin makarantar da aka ba shi, ya kuma tambayi ko akwai yaron da tabarau ɗinsa yake kwance a akwati.